An Ba Ta Kwari da Baka, An Karɓe Mata Harshe: Ra'ayi kan Fim ɗin Sarauniyar Lugu

Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin silima a Afirka ya san sunan Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya da ya rasu a birnin Paris a shekarar 2019. Shi ne ya shirya Soleil Ô, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Locarno a 1970, ya kuma shirya West Indies a 1979, inda ya tattara tarihin cinikin bayi a cikin jirgin ruwa guda da aka gina a wata tsohuwar masana'antar motoci. Ya kwashe rayuwarsa yana yaƙi da al'adar ba da labarin baƙar fata da bakin wani. Saboda haka, in aka ce irin wannan gwani ya ɗauki labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ya mayar da shi fim, wajibi ne Bahaushe ya gyara zama, ya sa ran ganin kansa da jin kansa.

Fim ɗin, mai suna Sarraounia, ya fito a 1986, kuma a 1987 ya lashe Dokin Yennenga, babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Da ni da sauran masu ƙaunar aikin Hondo, babu mai musun cewa ya cancanci kyautar. Amma akwai wani takaici da ke tokare maƙoshin mai kallo ɗan ƙasar Hausa tun daga maganar farko da Sarauniya ta furta har zuwa ta ƙarshe, domin ba da Hausa take magana ba. Harsunan fim ɗin su ne Julanci da Fulatanci da Faransanci. Ra'ayina shi ne wannan giɓi ya taɓa zuciyar labarin kansa, kuma mu ɗaliban kimiyyar harshe mun fi kowa alhakin bayyana dalili, da kuma alhakin gyarawa.

Labarin da hanyar da ya bi ya zama fim

A farkon 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Paul Voulet da kaftin Julien Chanoine ta taso daga gaɓar kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Duk inda ta bi sai ta bar toka da gawawwaki. A ranar 16 ga Afrilu ta yi karo da mutanen Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, waɗanda suka tsaya bayan Sarauniyarsu suka ƙi ba da kai. An ƙone garin, amma Sarauniya da jama'arta sun shige daji, ba a kama ta ba. A watan Mayu rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Daga nan ta shigo ƙasarmu ta Maraɗi, ta bi ta Tibiri da Koran Kalgo. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe laftanar-kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ragamar rundunar. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet a Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa.

Ke nan labarin namu ne ta fuska biyu. An fara shi a Arewa, an ƙare shi a jihar Maraɗi, kuma daga farkonsa har ƙarshensa a kan masu jin Hausa wutar ta fi sauka. Mutumin Gabi ko na Madarunfa ba ya bukatar taswira kafin ya san inda Tibiri take.

Marubuci Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba da ya yi shekaru yana gudun hijira a Aljeriya, shi ne ya fito da sunan Sarauniya daga bakin tsofaffi da takardun Turawa, ya gina ƙagaggen labari a kansa da Faransanci a 1980. A kan wannan littafi Hondo ya ɗora fim ɗinsa. A Nijar aka shirya ɗaukarsa, amma ana gab da farawa hukumomin wancan lokaci suka janye hannunsu. Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ce ta buɗe masa ƙofa, ta ba shi fili da mutane. Ta haka ƴar wasan Burkina, Aï Keïta, ta zama Sarauniya, ta haka kuma Julanci ya zama harshen Lugu.

Yabon gwani ya zama dole

Kafin ƙorafi, a faɗi gaskiya. Hondo ya yi abin da kaɗan daga masu shirya fim na Afirka suka iya a wancan zamani: ya cika faffaɗan allo da dawaki da ɗaruruwan mayaƙa da garuruwa masu ganuwa, ya nuna yaƙin mulkin mallaka daga ɓangaren waɗanda aka ƙone wa rumbuna. Ya nuna yadda haukan Voulet ke ƙaruwa a kowane zango, da yadda tsoron asirin Sarauniya ya riƙa cin sojojinsa tun kafin su ga ganuwarta. Bai ɓoye cewa akwai sarakunan Afirka da suka so a karya ta ba. Ita kuwa Aï Keïta ta tsaya da kwarjinin da ba a koyarwa a makaranta. Kallonta kaɗai ya isa ya sa mutum ya yarda cewa maza za su bi ta zuwa mutuwa. Jawabin da fim ɗin ya rufe da shi, inda take karɓar duk wanda ya gudo gare ta ba tare da duba addininsa ko ƙabilarsa ba, yana cikin wuraren da ba a mantawa a silimar Afirka.

Wannan ƙwarewa ita ce ta sa takaicin ya yi nauyi. Da wani ɗan koyo ne ya yi fim ɗin, da an kalla an wuce. Kuskuren gwani kuwa zama yake yi abin koyi, ya shiga littattafan makaranta, har ɗalibi a Amurka ko Jamus ya tashi da zaton cewa haka mutanen Lugu ke magana.

Harshen wa aka sa mata?

Ga abin da ya fi damuna. Julanci da Bambaranci ƴan ɗaki ɗaya ne a dangin harsunan Mande, masu jinsu suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba. Hausa kuwa tana cikin dangin harsunan Cadi, reshe na babban gidan Afro-Asiya, kuma babu wata dangantakar jini tsakaninta da Mande. To, wa ke magana da harshen Mande a Lugu ranar 16 ga Afrilun 1899? Sojojin baƙar fata da ke riƙe da bindigogin Voulet. Da yawansu daga Sudan ta Faransa aka ɗebo su, wato Mali ta yau, kuma Bambaranci shi ne harshen da ke haɗa irin waɗannan sojoji a barikokin Faransa na Afirka ta Yamma. Ashe fim ɗin ya ɗauki harshen masu harbi ya sa a bakin waɗanda ake harbi. Na tabbata Hondo bai nufi haka ba, amma rashin nufi bai hana abin ya kasance ba.

Wannan musaya ta share wani ginshiƙi na tarihin. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa sojan haya ke iya cinna wa garin baƙar fata ɗan'uwansa wuta shi ne ba ya jin kukan mutanen garin a matsayin magana. Tsohuwar da ke roƙonsa da Hausa, a kunnensa hayaniya take yi. Tsakaninsa da ita sai tafinta, kuma tafintan rundunar mutum ne mai iko, wanda kalmarsa guda ke iya sa a bar gari ko a ƙone shi. Mulkin mallaka ya san amfanin wannan katanga, shi ya sa yake kai sojan wata ƙasa ya yaƙi wata. In aka rushe katangar, aka sa maharin da wanda aka kai wa hari suna magana da harshe guda, an sauƙaƙa wa mai kallo labarin, amma an ɓoye masa yadda na'urar zaluncin ke aiki.

Akwai kuma rashin daidaito da ke bayyana ga duk mai kunne. Hafsoshin Faransa a fim ɗin suna magana da harshensu na gado. Ana jin zagin bariki a bakinsu, ana jin girman kan ɗan babban gida, ana jin yadda murya ke sauyawa tsakanin ba da umarni da hirar teburin cin abinci. Bafaranshen da ke kallo yana ɗanɗanar duk wannan kai tsaye. Su kuwa mutanen Lugu an ba su harshen aro, kamar dai a ce kowane harshen Afirka zai iya tsaya wa ɗan'uwansa. Babu mai shirya fim da zai sa Voulet ya yi Italiyanci don kawai a Italiya aka samu kuɗin ɗauka, ya ce ai duk Turawa ne. Abin da ba za a yi wa mai mulkin mallaka ba, shi aka yi wa wadda ta yaƙe shi, a cikin fim ɗin da aka shirya don girmama ta.

Sai mu dubi mai kallo na gida. A Gabi, kamar sauran garuruwan kan iyakarmu da Katsina, fim yana yawo ne a katin waya, daga hannu zuwa hannu, kuma jama'a sun saba da jin jaruman Indiya suna zuba Hausa ta hanyar fassarar Algaita da makamantanta. Manomi ko mai dakan fura da ya samu fim ɗin Hondo, hanya ɗaya ce gare shi ta sanin abin da Sarauniya ke faɗa: ya karanta fassarar da ke gudu a ƙasan allo, da Faransanci ko Ingilishi. Wanda bai yi lakkwal ba an rufe masa ƙofa. Wanda ya yi kuwa, sai ya ratsa ta harshen Voulet kafin ya isa ga maganar Mangu. Jikokin waɗanda aka kashe su ne suka zama baƙi a wurin ta'aziyyar kakanninsu.

Abin da ya salwanta

Wani zai ce ai ma'ana ta isa, ko da wane harshe aka faɗe ta. Ɗalibin harshe ya san ba haka abin yake ba, kuma sunan fim ɗin ma ya isa misali. Kalmar sarauniya darasi ce guda a ilimin tsarin sauti. Saiwarta ita ce sarak-, wadda muke gani a fili cikin sarakuna da saraki. Da aka ɗafa mata -niya ta jinsin mace, sai bahanɗen k ya faɗo ƙarshen gaɓa ya koma u, kamar yadda ya faru a sarauta, da kuma talauci daga talaka. Wannan na cikin sauye-sauyen da ake kira dokar Klingenheben. Rubutun Faransanci na Sarraounia ya ninka r inda Hausa ba ta ninka ba, alhali ɗaurin baƙi a harshenmu yana raba ma'ana, kamar a baba da babba, ko daba da dabba. Sannan fim ɗin ya bar baƙon mai kallo da zaton cewa sunan yanka ne. Bahaushe ya san muƙami ne. Mangu ɗaya ce daga jerin matan da suka riƙe shi kafinta da bayanta, kuma yana da ƴan'uwa a ƙasar Hausa: Magajiya a Daura, Inna a Gobir, Iya a nan Maraɗi.

Haka ma sunan jama'arta. A yamma ana cewa azna, a Kano ana cewa arna, a ƙasar Maraɗi ana cewa anna. Kalma guda ce ta bi hanyoyi uku: wani wuri ya riƙe tsohon z, wani ya mayar da shi r a ƙarshen gaɓa, wani kuma ya yi naso ya haɗe shi da n ɗin da ke biye. Nauyinta ma ya bambanta. A bakin wani zagi ce, a bakin wani kuwa sunan gado ne na masu ƙasa, waɗanda suka fara sare daji suka ƙulla alkawari da iskokin wurin. Duk rikicin da fim ɗin ke son nunawa tsakanin Lugu da maƙwabtanta Musulmi yana ƙunshe cikin yadda kowane ɓangare ke furta wannan kalma, kuma ba a jin sa sai da Hausa.

Da an yi fim ɗin da harshen wurin, da ba daidaitacciyar Hausa za mu ji ba. Da mun ji Arewanci, ɗaya daga karuruwan yamma, inda dirka take na da ta maimakon ne da ce, inda ake cewa munka da sunka da anka, inda fari yake hwari, inda ake zamna a sabka a yi amre domin baleɓen ƙarshen gaɓa bai narke ya koma wasali ba. Da fim mai wannan girma ya ɗauki wannan kari a 1986, daga bakin mutanen da kakanninsu suka ga yaƙin, da yau muna da taskar sauti da babu kuɗin da zai saye ta. Kuma da ya koya wa matasanmu cewa karin kakanninsu ya isa ya ɗauki jawabin sarauta, a lokacin da fina-finan Kano suka saba ajiye karin yamma don bakin mai ban dariya.

Inda asarar ta fi tsanani shi ne fagen asiri, wanda shi ne gishirin labarin. Takardun hafsoshin Faransa sun kira Mangu tsohuwar mayya da kalmarsu guda ta sorcière, wadda ke tara komai a buhu ɗaya. Hausa ba ta yin wannan gayya. Boka mai magani ne, ana zuwa wurinsa da rana tsaka. Matsafi yana da wurin da yake yanka da abin da yake yi wa yankan. Ƴar bori dokin iskoki ce. Mai dabo wasa yake yi da ido. Maye kuwa mai kama kurwa ne, kuma jifan mutum da maita na iya raba shi da garinsu har abada. Sarauniyar Lugu uwar ƙasa ce, mai tsare alkawarin da ke tsakanin jama'a da iskoki, a garin da dutsen Tunguma ke yanke hukunci, inda gawar wadda ta rasu ke nuna magajiyarta a al'adar tarkama. Kiran ta mayya shi ne babban zagin da za a yi mata, kuma fim da ya yi magana da Hausa zai iya nuna wannan ɓatanci da kalma ɗaya.

Haka kayan yaƙin. Duk yaron da ya tashi a tsakanin maharba da ƴan tauri, a bakin dajin Baban Rafi ko wani wuri, ya san bambancin layar zana da baduhu, ya san kau-da-bara da sagau da maganin ƙarfe. Ya san cewa kirari makami ne, ana yin sa don jini ya tafasa, kuma ƙarfinsa yana cikin karin sautinsa da amsa-amonsa da tsofaffin kalmomin da ba a amfani da su a kasuwa. Ɓacewar Sarauniya daga hannun Turawa tana da suna a ƙamus ɗin wannan yaro. A fim ɗin kuwa sai aka cike gurbin da abin da ido ke gani: budurwa jaruma da aka horar da harbin baka da riƙon takobi, wadda ta fi kama da gwarzuwar labaran kasada na ko'ina cikin duniya fiye da mace mai zaman ɗaki da Lugu ta sani. Ina ganin abubuwan biyu a haɗe suke. Wanda aka karɓe wa magana, dole a ba shi takobi don a nuna ƙarfinsa.

A gwada da Yeelen na Souleymane Cissé, wanda ya fito a 1987 ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes. Shi ma labarin asiri ne da tafiya da gumurzu, tsakanin uba da ɗa a ƙungiyar Komo. Amma Cissé ya bar Bambarawansa suna kiran asirinsu da Bambaranci, Fulaninsa suna Fulatanci, shi ya sa ko wanda ba ya jin kalma ɗaya yake jin tsikar jikinsa na tashi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hujjojin masu kare shi

Hujja ta farko ita ce tilas. An kore shi daga inda ya so, ya yi da abin da ya samu, kuma da babu gara ba daɗi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa kaso mafi girma na laifin yake wuyanmu mu ƴan Nijar, da muka bar labarinmu ya tafi neman masauki. Sai dai tilas ɗin ba ta kai inda ake kai ta ba. Wagadugu tana da tsohuwar unguwar Hausawa ta Zangouettin a wancan lokaci. A Nijar kuma wasan kwaikwayo na Hausa yana kan ganiyarsa a rediyo da talabijin da dandalin samariya, da ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo, har wata manazarciya, Janet Beik, ta rubuta littafi guda a kansa a 1987. Shekara goma kafin fim ɗin Hondo, a 1976, Adamu Halilu ya riga ya shirya Shaihu Umar da Hausa tsantsa a Nijeriya. Ko da ba a samu ƴan wasan ba, ana iya ɗora murya. A nan ne abin mamakin yake, domin ɗora murya ita ce sana'ar da Hondo ya ci abinci da ita shekara da shekaru: shi ne muryar Eddie Murphy a Faransanci, shi ne jakin fim ɗin Shrek. Ba a samu wanda ya fi shi sanin cewa ana iya sauya wa hoto harshe ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Hondo ɗan kishin haɗin kan Afirka ne, kuma a ganinsa Sarauniya ta kowa ce. Burkina ma tana da rabonta a labarin, tunda Voulet ɗin nan shi ne ya ci Wagadugu da yaƙi a 1896. Ina girmama wannan manufa. Amma haɗin kai da ake ginawa a kan shafe bambanci yana kama da kallon da Turawan mulkin mallaka suka yi mana, na cewa duk ɗaya muke. Jawabin ƙarshe na fim ɗin zai fi ratsa jiki da a ce mun ji Bahaushiya tana karɓar Babambare da Bafillace da Buzu, kowa da harshensa, ana tafinta ana fahimtar juna da ƙyar. Ousmane Sembène, wanda babu mai shakkar kishinsa na Afirka, ya dage sai da Mandabi ya fito da Wolof a 1968, domin ya san mutanen da yake yi wa magana.

Hujja ta uku ita ce fim ba littafin tarihi ba ne, mai ƙirƙira yana da ƴanci. Haka ne. Sai dai a lura da inda masu fina-finan almara na duniya ke zuba kuɗinsu. Don fim ɗin Avatar an ɗauko masanin harshe Paul Frommer ya ƙera wa mutanen da babu su harshe mai nahawu. David Peterson ya yi irin wannan aiki da Dothraki. Sun gane cewa duniyar almara ba ta tsayuwa sai da harshenta. Mu da muke da mutanen gaske da harshen gaske mai miliyoyin masu magana, mu ne ake ce wa harshe ƙaramin abu ne. Kuma cutar ba ta tsaya a 1986 ba. A 2021 fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wani gwanin da ake ji da shi a Nijeriya, ya fito a Netflix, sai ga Sarauniyar Zazzau tana shirya yaƙi da Ingilishi. Sarauniyoyin Hausa biyu ke nan suka hau babban allo, kowacce da bakin aro.

Aikin da ya rage mana

Ƙorafi a kan mamaci ba ya gyara fim, don haka maganata ta koma kanmu. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Sunan Sarauniya Mangu yana kan makaranta da gidan rediyo da lambar girmamawa. Abin kunya ne a ce fim mafi shahara a kan wannan baiwar Allah har yau mutanen garinta ba sa jin abin da take faɗa a cikinsa.

Shawarata ga malamaina da ƴan'uwana ɗalibai ita ce mu ɗauki fassara fim ɗin a matsayin aikin sashe. A nemi izinin masu haƙƙin mallakarsa. A tura ɗalibai Lugu da Bagaji da Matankari su ɗauki maganar tsofaffi, su tattara kalmomin sarauta da na tsafi da na yaƙi, su rubuta yadda ake furta su. A ɗora wa mutanen Lugu murya da Arewanci, da bakin ƴan Arewa. A bar sojojin Voulet da harshensu na Mande, a bar hafsoshin da Faransancinsu, a fassara su a ƙasan allo da Hausa, domin katangar da tarihi ya gina ta dawo inda take. A wannan aiki guda akwai kundin digiri na mai nazarin karin harshe, da na mai nazarin fassara, da na mai nazarin adabin baka. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun rundunar Voulet, ya nuna cewa dattawan Ƙonni da Maijirgi suna riƙe da labarin a bakinsu. Dattawa kuwa ba sa jira.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata mu ɗaura wa kanmu. Ma'aunin da muka auna Hondo da shi, da shi za a auna mu. Yanzu da Hausa ta samu matsayi, jarabar da ke gabanmu ita ce mu yi wa wasu abin da aka yi mana. In gobe wani ɗan Maraɗi ko ɗan Kano ya tashi shirya fim a kan Kawsan da yaƙinsa na Agadas a 1916 da 1917, ya sa shi yana zuga mayaƙansa da Hausa maimakon Tamashek, ko ya ɗauki labarin Mali Bero ya raba shi da Zabarmanci, to, mu ne ya kamata mu fara ɗaga murya a cikin wannan mujalla. Ina roƙon sashe ya sa fassarar fim ɗin Sarauniya cikin jerin batutuwan bincike na shekarar karatu mai zuwa, kuma ranar da aka gama, a fara nuna shi a Lugu kafin a kai shi Yamai.